Shekarar da Aka Daina Mayar da Kwano

Akwai wata 'yar langa a ƙasan akwatina, mai zanen furanni ja da kore, gefenta ɗaya ya lotsa, fentin bakinta ya ɓaɓɓare. Babu wanda bai sha faɗa a kanta ba a cikinku. Ke Ummi kin taɓa ɗauko ta za ki jiƙa wake, na fizge daga hannunki har kika yi kuka, ban kuwa lallashe ki ba. Na kuma san abin da kuke ji a gidajen biki: wai ni da Gwaggonku Laraba mun yi shekaru ba ma gaisawa saboda siyasa, ita tana wannan jam'iyya ni ina waccan. Wasu suka ce shugabancin ƙungiya na nema na rasa. Ni ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba, ban kuma taɓa sha'awar kujerar kowa ba. Yanzu ita ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙanta, ni ma gwiwoyina sun fara tuna mini shekaruna, gara ku ji zancen daga bakina. A kan kwanon nan muka ɓata, shi da wasu tsofaffi biyu da ba ku taɓa sani ba.

An kawo ni Wudil daga Dagumawa da jeren kwanukana da wata tsohuwar jaka cike da littattafan soyayya. A lokacin nan ni a takarda na san duniya. Ranar Juma'a in kasuwa ta ci, akwai mai shimfiɗa littattafai kusa da masu gasa kifi a bakin titi, babanku yakan biya ya karɓo mini haya in ya taso daga shagon ɗinkinsa, yana yi mini tsiya wai na fi sanin samarin cikin takarda a kan mijina. Na yarda da duk abin da ke ciki. Na yarda zuciya tana gane tata tun daga nesa, na yarda hawaye ba ya zuba a banza, na yarda in masoya suka sha wuya ƙarshensu daɗi. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, kowane littafi yana ƙarewa ne ranar da aka kai amarya. Ni kuwa an kai ni, shekaru suka yi ta wucewa, sa'o'ina suna goyo suna yaye, ni ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Babu littafin da ya gaya mini yadda mace take zama a irin wannan ɗaki.

Gwaggonku ce ta fitar da ni daga ɗakin, wannan alherin nata ba zan ɓoye shi ba. Ita ta haɗa matan unguwarmu tun zamanin soja, lokacin da rayuwa ta yi tsada har maƙwabci ya fara sakin labule in zai ci abinci. Akwai tsofaffi a lungunanmu da ba su haifa ba, akwai waɗanda 'ya'yansu suka tafi kudu neman kuɗi aka ji su shiru. Ba mu da ofis, ba mu da suna, mutanen gari ne suka laƙaba mana 'Yan Kwano. Kowane gidan tsoho akan ba wa mata kaɗan, kowacce da ranarta. Mukan yi musu wanki, mu yi wa tsofaffin matan kitso, mu yanke musu farce, mazanmu su yi musu yaɓe kafin damina. Amma gindin aikin abinci ne, kuma yana da ƙa'ida. Daga tukunyar gidanki za ki zuba, a kwanonki mai kyau. Ba a cewa sadaka, ba a cewa taimako. Ciyayya ce irin wadda maƙwabta suke yi tun kaka da kakanni, sai dai ki ce ga ɗan ɗanɗano. A bar kwanon ya kwana. Washegari za ki tarar an wanke shi an ajiye a zaure, kuma ba ya dawowa haka nan. Ko ƙullin kuka, ko barkono, ko 'yar gyaɗa cikin tafin hannu, tsohuwa sai ta sa wani abu. Da wannan ɗan abin take zama maƙwabciya ba mabaraciya ba. Da shi kuma muke sanin lafiyarta. Ranar da aka je ba a ga kwano a zaure ba, ba a tsayawa sallama, ɗaki ake kutsawa.

Ni gidan Baba Mati da Iya Dije aka ba ni, can ƙarshen lungu wajen gangaren kogi. Sauran mata aike suke yi, ni ba ni da wanda zan aika, don haka da ƙafata nake kaiwa, babanku bai taɓa hana ni ba. Baba Mati masunci ne a da, kuma mai fito, an ce babu gidan da ke unguwar da bai taɓa haye da wani nasu a kwale-kwalensa ba. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Iya Dije maginiyar tukwane ce, 'yar Indabo, doguwa mai faɗin kafaɗa, hannunta ya daina iya manyan randuna sai kaskon turare da asusu da 'yan tukwanen wasan yara. Ba su taɓa haihuwa ba. Masuntan da ya koya wa sana'a sukan jefo masa ƙananan kifi, ita ta busar, da su da daddawar da take yi suke cika mana kwano.

Mai Littafi yake kirana. In na zauna sai ya ce in ba shi labarin wanda nake karantawa, yana saurare da gaske, yana gyaɗa kai, har ya riƙa tsine wa mugun cikin labarin. Ita kuwa tana murza yumɓu tana taɓe baki.

"To bayan an kai ta gidan benen," in ji ta wata rana, "wa ya tsufa ya bar wani?"

Na ce littafin bai kai nan ba.

"Ashe bai kai ko'ina ba."

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye ta ko soyayya suka yi kafin aure. Ta ce su a zamaninsu ba a san wannan cutar ba. Ta dai zo sayar da tukwane ya haye da ita, ya ƙi karɓar ladan fito, ita kuma ba ta iya karɓa ba ta mayar ba, sai ta bar masa tulu a cikin jirgin. Daga inda yake kishingiɗe ya ce tulun ma yoyo yake yi. Ta ce jirgin ma haka. A bakin mutane na ji cewa danginsa sun daɗe suna damunsa a kan rashin haihuwa, ya ce musu jirginsa na mutum biyu ne. Wata rana na manta mayafina na dawo, sallamar tawa ba su ji ba, na hango su ta ƙofar ɗaki. Kwano ɗaya suke ci, abin da mutanen zamaninsu ba sa yi a idon kowa. Ta kama wuyan hannunsa tana kai shi inda miyar take, in ya yi loma ta juya masa kwanon. Na koma da baya a hankali, na tsaya a lungu ina hawaye ban san dalili ba. Duk abin da na karanta na farin wata da taurari da ƙamshin turare, ban taɓa cin karo da kamar wannan ba.

Shekarar da soja suka ce za su sauka na samu cikinki, Ummi. Iya Dije ce ta fara ganewa, ta dubi wuyana ta ce in daina ɗaukar ruwa, kuma in rufe bakina. Gari ya cika da hotunan 'yan takara da motocin lasifika, babanku yana kwana ɗinkin tutoci, kowa yana cewa daɗi ya zo. Ni ma na yarda, domin nawa daɗin yana motsi a cikina. Da cikin ya tsufa aka zo daga Dagumawa za a tafi da ni goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari ko da farin ya zo a makare. Iya ta yi abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta gina babbar tukunya ta wankan jego, ta ce ita ce ta ƙarshe, in na fasa ta kada in dawo garin. Baba Mati ya ce in haifo masa mace, ya gaji da wannan tsohuwar. Na haihu da farkon damina, daidai lokacin da rediyo ke ta murnar farar hula sun karɓi mulki. Na roƙi babanki ya sa miki sunan Iya, shi ya sa ba ki taɓa jin na kira ki da sunan yanka ba. Iyayena kuwa da suka daɗe suna jiran jika ba su sake ni da arba'in ba, sai da aka fara yankan gero.

Labarin canjin a bakin Gwaggonku na ji shi, ranar suna, tana faɗa fuskarta cike da haske. Wani ɗan siyasa da ya ci kujera ya ji labarin 'Yan Kwano, matarsa ta zama uwar ƙungiya. An yi taron buɗewa da rumfuna da kujeru, aka kira sunayen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya a lasifika a matsayin gajiyayyun da za su amfana. An daina girkin gida-gida. Buhunan shinkafa ake kawowa a dafa wuri ɗaya, a ƙulla a leda, wani ɗan acaɓa ya zaga ya rataye a ƙofar kowa. Ta ce an huta da ɓatan kwanuka, an huta da kukan matan da ranarsu ta zo ba su da cefane, kuma yanzu abincin yana kaiwa unguwannin da a da ba ma iya kaiwa. Gaskiya ta faɗa. Mutane da yawa sun ci abincin nan sun yi addu'a. Na tambaye ta su Iya, ta ce kullum ana kai musu. Na yi hamdala na koma kan jaririyata. Babu wanda ya lissafa cewa macen da ba za ta je ɗaukar kwano ba, ba ta da dalilin shiga lungun. Da kwano ya tsaya, kitso da wanki suka bi shi, ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba.

Washegarin dawowata na tuƙa tuwon dawa mai laushi da miyar kuka, na goya ki na nufi gangare. A zaurensu na ga ƙusa a bango da ledoji rataye, wasu sun kumbura da tsami, wasu awaki sun yayyaga ta ƙasa. Mai wucewa in ya ga yagaggiyar leda zai ɗauka an ci. Tsakar gidan da Iya take sharewa har ka ga sawun tsintsiya, ciyawa ta cinye shi. Baba Mati na tsugune gaban murhu yana laluben itace, bayan hannunsa duk ƙuna. Da ya ji muryata ya ɗago ya ce Mai Littafi ce, sai kuma ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi. Iya tana ɗaki a kan tabarma. Abin da na tarar kamar an yafa zani a kan itace. Jiri ne ya kayar da ita a bakin ƙofa, ƙugunta ya bugu, tun ranar ba ta tashi ba. Maƙwabta in sun ɗaga murya daga waje sun gaishe ta, takan amsa lafiya lau.

Ta karɓe ki ta daɗe tana kallo, ta tofa miki addu'a. Sai da ta gama na tambaye ta me ya hana su cin abincin. Da farko ta ce shinkafar tauri gare ta, su kuwa ba haƙora. Can ta juya fuska bango.

"Ranar farko na karɓa, 'yar nan. Na juye, na wanke ledar na shanya, na ƙulla daddawa a ciki na rataye a ƙusar. Mai babur ɗin ya zo ya rataye tasa a kai ya tafi. Washegari ma haka. Rannan ina ji ya fizge tawa ya wurga kwata, ya ɗauka shara ce."

Na ce ai bai sani ba.

"Ai shi ne. Bai sani ba, masu aiko shi ma ba su damu su sani ba. An kira sunan Malam a lasifika har bakin kogi aka ji. Gajiyayye. Abin da ba a bari ka rama sadaka ne, mu kuwa ba mu fara bara ba."

Sauran Baba Mati ne ya gaya mini a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ta ƙi. Shi da zai iya ci, amma wa zai kai masa hannu, kuma ta yaya zai haɗiya tana kwance tana ji? Da koko suka rayu da ganyen rama, da abin da kaskunanta suka kawo har suka ƙare. Ranar nan ban tafi ba sai da suka ci tuwon a gabana, kunyar ma ta fita. Tana kwance ta gefe ɗaya, duk da haka ita ke kai masa hannu.

Daga can gidan Gwaggonku na wuce, ban san zan tarar da taro ba. Mata cike da tsakar gida, ana rabon sababbin mayafai na ankon ƙungiya. Aka yi mini barka, aka karɓe ki ana juyawa, Gwaggonku ta miƙo mini nawa mayafin. Na faɗi abin da na gani. Na ga ranta ya ɓaci da gaske, domin tana ƙaunar tsohuwar. Ta ce labarin faɗuwar ya iso mata, kuma ta riga ta aika Indabo wurin 'ya'yan ƙanin Iya su zo su ɗauke ta, tunda ƙungiya abinci take bayarwa ba jinya ba. Na ce shi fa? Ta ce za a ci gaba da rataye masa. Na roƙe ta ta mayar da kwano ko a gidan nan kaɗai, ta kuma sake aikawa Indabo a ce su dakata, ni zan yi jinyar. Ta ce in aka ware gida ɗaya gobe kowa zai ce shi ma, uwar ƙungiya kuma za ta ji an raina abincinta. Saƙo kuwa ya riga ya tafi, ba za ta zama mai magana biyu a idon mutanen ƙauye ba.

"Mai jin yunwa da gaske ba ya tambayar a me aka zubo," in ji ta. "Girman kai ne, kuma ke kike hura mata shi."

Na ce, "Yaya, in aka raba su ba za su yi rai ba."

"Binta, wannan ba littafinki ba ne. Tsufa ke kashe mutane, ba son juna ba."

Matan suka yi dariya, ba ta mugunta ba, sun dai san halina. Na ninke mayafin na ajiye a gabanta kan tabarma, na karɓi 'yata na fita. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane girman abin ba. Matar ƙani ta mayar wa yayar miji kyauta a gaban jama'a, yayar da ta goyi mijin nan bayan rasuwar mahaifiyarsu. Babanku ya dawo daga shago ya ƙi taɓa abinci. Ya ce in je in ba ta haƙuri, na ce zan je ranar da ta aika Indabo. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce buhun dawa na nan a ɗaki, in ɗiba yadda nake so, amma kada in sake sa shi a tsakani. Dawar bai taɓa hana ni ba. Tsakanin kuwa ya zauna a cikinsa shekaru, kuma na san abin ya ci shi.

Na sauke jeren kwanukana da ban taɓa ci a ciki ba tun aure, na zaɓi langar nan mai furanni. Safe da yamma nake kaiwa. Na riƙa gasa mata ƙugu da ruwan zafi, na nome tsakar gidan, na zare ƙusar nan da hannuna. Ta fara zama, ta fara taɓe baki, ranar da ta ce miyata ta yi ruwa na san ta dawo. Kwano ya koma fitowa zaure da 'yan busassun kifi a ciki. Ni kuwa da irin kan da Allah ya ba ni, har na gama rubuta ƙarshen labarin a zuciyata: mutanen Indabo za su zo su tarar ta warke, su yi godiya su koma.

Wata Juma'a suka zo da a-kori-kura, bayan sun sayar da awakinsu a kasuwa. Ba mugayen mutane ba ne. Babbansu, Sale, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba Mati, ya ce tun da saƙon ya je ake zaginsu a gari, wai sun bar 'yar'uwar ubansu yunwa na kashe ta, ba za su iya komawa babu ita ba. Na nuna musu yadda ta samu sauƙi, na rantse zan riƙe ta kamar uwata. Suka yi mini godiya suka ci gaba da ɗaure kayanta. Ni bare ce, su jini. Don kara, Sale ya ce Baba ko shi ma ya shirya a tafi tare. Kowa a wurin ya san amsar. Namiji mai furfura ba ya zuwa ya zauna gidan surukai ana ciyar da shi.

"Ni a nan aka haife ni," ya ce. "Mata ke tarewa."

Na dube ta ko za ta ce ba za ta je ba. Amma tsohuwa ba ta buɗe baki a gaban 'ya'ya ta ce ita mijinta take so. Suka ɗauke ta a kan tabarma. Ba ta kalli inda yake ba, shi ma bai juyo ba. A zaure ta kamo zanina ta jawo ni kusa.

"Miyar ki riƙa zuba masa ta hannun dama. In ba haka ba, gaya zai ci."

Shi kuwa abin da ya ce kawai, a sauka lafiya. Ya tsaya dogare da sanda, kansa a karkace, yana sauraren motar har ta hau titi ta ɓace cikin sauran motoci.

Ya ci gaba da wanke kwano da lalube yana ajiyewa a zaure. Da kifi ya ƙare sai na fara tarar da ƙugiya, wata rana allurar ɗinkin taru, wata rana ɗan asusun da ya rage. Gidan yake kwashewa yana ba ni kaɗan-kaɗan. Na yi yadda ta ce da miyar, amma na lura kajin maƙwabta sun saba da ƙofar ɗakinsa. Na taɓa cewa zan ba shi labarin sabon littafi, ya ce in bar shi, babu mai taɓe baki. Wata safiya na tarar ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, ba kuwa Juma'a ba ce. Ya tambayi wace miya ce, na ce kuka, ya ce madalla. Ya ce in ɗaure masa kwanon a ƙyalle, yau a bakin ruwa zai ci, ya gaji da ɗaki. Na ji daɗi. Na ɗaure masa tamau, har na raka shi bakin lungu. Da la'asar na dawo babu shi, babu kwano a zaure. Babanku da masunta suka bi gaɓar kogi suna kira, da gari ya waye suka shiga jirage, domin kowa ya ɗauka masunci ruwa zai nufa.

Masu cirar gyaɗa ne suka gan shi a kan hanyar Indabo, zaune a gindin ɗorawa ya jingina, sandarsa a cinya, ƙafafunsa sun farfashe, kwanon na gefensa ɗaure yadda na ɗaure shi. Wasu suka ce sun gamu da shi jiya yana tafe yana tambayar hanya, sun yi masa tayin amalanke ya ce ai ya kusa. Tsoho, ba ido, cikin zafin kaka. Ya fi kusa da Indabo a kan Wudil, don haka can aka kai shi aka yi masa sutura. Mutumin da ya ce ba zai tare a gidan surukai ba, a maƙabartarsu yake kwance.

Gwaggonku ta zo zaman gaisuwa a gidan Baba Mati, ta zauna nesa da ni. Ba ta zo sunan Sadiƙu ba, ba ta zo na Auta ba, da salla kuma babanku shi kaɗai yake kai ku. Abincin leda bai daɗe ba. Hankalin mai kujera ya koma wani wuri, buhuna suka daina zuwa, matan kuma sun riga sun saba da hutu. Mu 'yan kaɗan ne muka ci gaba da kwano iya ƙarfinmu. Ni da ita sai a ciwonta na ƙarshe muka shirya, ba kuma da baki ba. Na kai mata kunu na bar kwanon ya kwana, da na koma na tarar an wanke shi da goro a ciki. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, domin har yau ban san abin da zan ce wa tsofaffin sauran unguwanni da suka ƙoshi da ledarta ba.

Saura langar. Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar, Sale ya yi sallama a ƙofar gidanmu ya miƙo mini ita ɗaure cikin ƙyallena. An goge ta da toka har tana ɗaukar ido, lotsawar gefen ce kawai sabuwa, ina jin faɗuwa ya yi da ita a hanya. Ya ce da aka kai gawar an ajiye kwanon a gefe, Iya ta ce a miƙo mata. Ta kwance ƙullin. Tuwon ya kwana cikin zafi ya yi tsami, matan gidan suka ce za su zubar su tuƙa mata sabo, ta ce kada wanda ya taɓa. Ta juya wa mutane baya ta cinye shi tas, ita da tun zuwanta sai an yi da gaske take kai loma baki.

"Ta ce in gaya miki saƙo ya iso," in ji Sale. "Ta ce miyar ta yi ruwa."

Na buɗe murfin. Ƙullin daddawa ne a ciki.

Iya ba ta ga damina ta gaba ba. Daddawar ban sa ta a miya ba, ta bushe ta zama gari a cikin ƙyallen, tana nan. Littattafai kuwa ban daina karantawa ba sai da idona ya fara gardama, ina ta neman wanda ya kai inda ta tambaya, ban samu ba.

Ina ganin yadda kuke aiko mini abinci yanzu cikin robobin nan da ake yarwa. Na san don ku hutar da ni wanke-wanke ne, Allah ya yi muku albarka. Amma daga yau ku zubo a kwano, ku bar shi ya kwana. Ko gyaɗa ce zan samu in sa. Ranar da kuka zo ba ku gan shi a zaure ba, kada ku tsaya sallama.